Igiyar da Ta Ratsa Bango

A bangon da ya raba zaurenmu da tsakar gida akwai huji biyu, ɗaya a saman ɗaya, kowanne daidai shigar hannu. Duk baƙuwar da ta shigo gidanmu a Ƙofar 'Yandaka sai ta tambaye ni ko hanyar kaji ce. Ni kuwa in ce mata kajinmu ba su koyi hawa bango ba tukuna. Hanyar igiya ce. Mijina mai juya itace ne: shi ke fitar da ƙafafun gado da na kujera da na tebur, masu ciki da wuya da zobba, kafintoci su saya su haɗa. Injin da yake aiki a kai yana zaure, abin da ke juya injin kuma yana cikin gida, a gindin bedi, kuma ni ke juya shi. Shekara goma sha tara na yi a kan wannan aiki.

Keke muke ce masa. Malam, haka nake kiran mijin nawa, shi ya haɗa shi da hannunsa. Ƙaton faifai ne na katako, tsayinsa ya kawo mini ƙirji, an yi masa kwarmi a gefe inda igiya ke kwanciya, a cibiyarsa kuma boris ne, zoben ƙarfen nan da taya ke juyawa a kai, na wata matacciyar mota. Mariƙinsa kuwa guntuwar taɓaryata ce da ta tsage, ya huda ta ya zura mata ƙarfen fedar keken hawa. Igiyar kuma ƙiri ce, ta fatar shanu. Takan tashi daga faifan ta shige hujin sama, ta zagaye wani ɗan ƙaramin faifai a jikin injin, ta dawo mini ta hujin ƙasa. In na juya sau ɗaya, itacen da ke zaure ya juya fiye da goma. Don kada igiya ta cinye bangon, sai ya dasa wuyan fasasshen tulu a kowane huji.

Da can ƙanensa ke juya masa a zaure. Da ƙanen ya shiga soja, Malam ya yi wata biyu yana neman mai juyawa, bai samu wanda ya wuce kwana uku ba. Na ce masa ga ni, hannun da ke daka ba zai kasa wannan ba. Ya yi dariya. Mahaifiyarsa, Allah ya jiƙanta, ba ta yi dariya ba, ta ce matar ɗanta ba za ta zauna a zaure maza na shiga suna fita ba. Bayan kwana biyu na ji Malam yana huda bango.

To kun ga inda abin yake: ban taɓa ganin mijina yana aiki ba. Injin na san shi, don ni ke share zaure da yamma in an rufe ƙofar waje, amma a tsaye na san shi. In ina juyawa ba ni da halin leƙawa. In kuwa na saki na kai ido bakin huji, itacen ya riga ya tsaya, sai dai in ga gefen rigarsa. A shekarun farko na gwada ya fi a ƙirga, in ja da ƙarfi in saki in ruga, ko zan riski ƙarshen juyin. Ban taɓa riska ba. Sai dai in ji Malam daga can yana cewa, "Baiwar Allah, kuma mi ya hwaru?" in ce ƙuda ne ya shigar mini ido.

Amma igiya tana kawo labari. Mun fara da alama: ya ƙwanƙwasa ƙarfe sau ɗaya in fara, sau biyu in tsaya, sau uku in rage. Kafin shekara ta zagayo mun kusan daina bukatarta. In ya ɗora sabon itace mai kusurwa, sai in ji mariƙin yana karkarwa a tafin hannuna, kaf-kaf-kaf, har kusurwar ta tafi ya koma sumul. Maɗaci nauyinsa mai daɗi ne, yana ja daidai daga farko har ƙarshe. Ƙirya kuwa azzaluma ce, yini guda a kanta sai kafaɗa ta yi tsami. Bedi sauƙi gare shi, sai dai warinsa yakan biyo igiya ya shigo mini kamar an daka tafarnuwa. Ina sanin lokacin da yake fitar da ciki, da lokacin da yake yanka zobe, da lokacin da ƙarfe ya dakushe, sau da yawa kafin shi ya yarda ya dakushe. Har ranar da ya tashi da ɓacin rai ina sani, don yakan danna ƙarfe fiye da kima. Ranar sai in ƙara man shanu a miya in kama bakina.

Juya keke aiki ne da hannu ke yi shi kaɗai, hankali ya tafi yawonsa. Da hantsi rana takan ratsa ganyen bedi ta zuba a kan faifan, inuwa ta yi ta zagaye a ƙasa. Jan garin maɗaci yana fitowa ta hujin ƙasa kaɗan-kaɗan, ya sauka mini a ƙafa da gashin ido. Gaisuwar masu shigowa zaure tana zuwa mini can nesa, ina gajiya, ina gida, ina iyali, ba ta ƙarewa. Ƙarar boris da gurnanin itace su haɗu su zama sauti ɗaya, sai in ji kamar ba ni ke juya keken ba, shi ke ɗauke da ni. A nan nake shiga gidajen da ban taɓa shiga ba. Kowace ƙafar gado sai na bi ta. Wannan ɗakin amarya za ta, in ga jeren kwanoni har rufi. Wannan ta wani tsohon alƙali ce, zai zauna a bakin gadon yana shafa gwiwa. Wannan mota za ta ɗauka zuwa wani gari mai ruwa da yawa, inda ban san yarensu ba. A lokacin ban taɓa fita Katsina ba, amma na zaga ƙasar nan daga gindin bedi. Wani lokaci kiran sallar azahar ke dawo da ni, in tarar wake ya kama.

Malam ba ya sayen abin da zai iya haɗawa, kuma a ganinsa babu abin da ba zai iya haɗawa ba. A gidanmu ba a zubar da gwangwanin madara. Yakan farke shi ya bubbuge ya miƙe, ya zana rabin siffar ƙafar gado ya yanke da almakashi, in ya kara shi a jikin itace nan take ya ga inda ya rage a ci. Yana da wata sanda da ya kakkafa wa ƙusoshi, kowace ƙusa a inda zobe zai zauna. Itace na juyawa zai ɗan taɓa ta, layuka su fito gaba ɗaya, shi ya sa ƙafafunsa huɗu ke fitowa ba ka bambance su. Ƙarafansa maƙeri ne ya ƙera masa daga sifirin ɗin mota da tsofaffin magagarai, shi kuma ya yi musu ƙota da marke, ya ɗaure bakin ƙotar da guntun bututun famfo don kada ta tsage. Yana wasa su a dutse, ya ƙarasa a kan tsohon takalmin fata, ya gwada a farcensa. Tsinin ƙarfen da ke riƙe da gindin itace kullum sai ya ɗiga masa man gyaɗa, in ba haka ba ya yi ta kuka har ya ƙone wurin. Baƙin layin nan da ke ƙawata zobe kuwa wayar birkin keken hawa ce yake dannawa har ta ƙona itacen, kuma a jikin 'yan sanduna biyu yake ɗaure ta. Ya ce wanda ya naɗa waya a yatsa ya gaji da yatsan ne. Duk wannan a bakinsa na ji, da yamma, yana cin tuwo yana kwatanta mini da ludayi.

Rabin dabarun kuma a cikin gida suke. Ni ke narka kakin zuma in shafe bakin kowane ɗanyen itace da ya kawo daga wajen Ƙofar Kwaya, don ta baki itace ke fara tsagewa. Mu jera su a ɗakin baya bisa duwatsu saboda gara, mu lulluɓe su da sassaƙe, su bushe a hankali wata da watanni. Ni ke shanya ganyen ɓaure, mai kaushin nan, da yake goge aiki da shi. Ni ke fasa kwalabe in zaɓo masu miƙaƙƙen baki na kankarewa, ni ke haɗa man kaɗe da kaki a gwangwani na shafawar ƙarshe. Sandunan gidan sauro, da yake dogaye ne sirara, sukan yi lilo a tsakiya in suna juyawa. Ni na ba shi shawarar ya tokare su da itace mai baki biyu, ya shimfiɗa fata a ciki ya goga sabulu. Ya yi, ya kuma yi shekaru yana gaya wa abokansa dabararsa ce. Na bar masa.

Sai abu biyu da ke hannuna ni kaɗai, danƙo da matokari. Danƙo nake goga wa igiya don ta kama faifai kada ta zame. Matokari kuwa ɗan itace ne mai tsini da ke ƙarƙashin gindin keken. In na buga shi ciki igiya ta ɗame, in na ja shi baya ta saki. Ƙiri yakan saki da damina ya ɗame da rani, don haka kullum da safe sai na taɓa igiyar da yatsa na gyara. Malam bai taɓa tambayata yadda na bar ta ba.

Sai shekarun kuɗin man fetur suka zo. Ni dai ta bayan bango na ji su. Na ji manyan motocin siminti suna gurnani a bakin ƙofar gari, na ji rediyo ta yi yawa a unguwa, kowane gida da tashar da yake kamawa, na ji sababbin baburan ma'aikatan da aka yi wa ƙarin albashi. Matan da ke shigowa suka daina zancen gadon ƙarfe. Kowa gadon katako yake so, mai madubi, mai ƙafafu kamar taɓarya. Aiki ya yi wa Malam yawa har yana mayar da kafintoci. Aka ja wutar lantarki ta shigo lungunmu, aka rataya mana ƙwai ɗaya a zaure, ɗaya a tsakar gida. 'Ya'yanmu mata biyu sun yi aure, namijin yana makarantar kwana, gida ya rage daga ni sai shi sai keke.

A daminar da aka kawo wutar ne na fara jin abin. Akwai wani abu da Malam ke kira cizo: bakin ƙarfe ya shiga itace ta inda bai kamata ba, itacen ya cafke shi ya fizga. Kowane mai sana'ar yana gamuwa da shi jefi-jefi, a da sai in yi wata uku ban ji ba. Sai ga shi sau biyu a mako, sannan kusan kullum, kuma kullum a wuri ɗaya, wajen yanka siririn wuya kusa da zobe, inda sai ido ya ga layi. Wajen fitar da ciki, inda hannu ya san hanyarsa, lafiya lau. Na haɗa wannan da abin da nake gani a cikin gida. Ya fara lalubar buta da ƙafa. Ya miƙa hannu zai ɗauki ludayi ya kama gefen ƙwarya. Ya daina karanta wasiƙar ɗanmu da kansa, wai rubutun yaran zamani ba ya karantuwa. Wata rana da hantsi na ƙura wa idonsa ido, na ga wani fari-fari kwance a baƙin na dama. Yanar ido ce.

Ban faɗa masa ba. Ina da baki, kowa a unguwa ya shaida, amma wannan ta fi ƙarfin bakina. Mutum ne da za a kawo wa ƙafar tsohuwar kujera guda, ya kalle ta sau ɗaya ya fitar da uku irinta. Da idonsa yake alfahari, ba da komai ba. Kuma shi bai faɗa ba, yana ganin ya ɓoye. Sai na yi abin da ke hannuna. Na daina goga danƙo. Na ja matokari baya da kaurin yatsa. Na koyi jin lokacin da yake matsowa wajen wuya, in rage gudu tun bai isa ba. In cizo ya zo, igiya ta zame a kan faifai, itace ya tsaya cak maimakon ya fizge ƙarfen ya watsa masa a fuska. Shi sai ya ɗan yi tsaki ya gyara, mu ci gaba. Damina biyu muka yi a haka, ba ƙafar da aka taɓa maido masa. Har na fara jin daɗin kaina, ina cewa a haka za mu tsufa.

Abin da ban kawo a raina ba shi ne, yadda nake jin sa ta igiyar nan haka shi ma yake ji na.

Wata Laraba bayan la'asar na ji an tsayar da mota a ƙofar gida, an sauke wani abu mai nauyi a zaure. Na gane muryar amininsa, wani Alhaji ɗan kwangila da suka yi makarantar allo tare, yana cewa mai gyaran wuta zai zo ranar Asabar ya haɗa. Da suka tafi Malam ya rufe ƙofa ya kira ni. Na same shi tsaye a gaban wani kwali, fuskar nan kamar wanda aka ɗinka wa rigar salla. A cikin kwalin wani koren ƙarfe ne mai kama da ƙaramin turmi a kwance, yana warin sabon mai.

"Injin lantarki ne," ya ce. "Shi zai riƙa juya aikin. Kin huta, baiwar Allah."

Na ce, "Malam, ni na ce maka na gaji?"

"Ba ki ce ba, na kau san ba ki cewa. Amma ni ina ji. Shekara biyu ke nan hannunki ya yi sanyi. Kina ragewa inda da ba ki ragewa, igiya na zamewa, ko ƙarhin buga matokari ba ki da shi. Duk sanda na ji ta zame sai raina ya ɓaci, in ce wace irin rayuwa ce wagga, ina zaune ina tsohar da ɗiyar mutane bayan bango. To yanzun Allah ya kawo sauƙi."

Tausayinsa ya kama ni, haushi ma ya kama ni, ban san wanda zan fara ji ba. Na tambaye shi ko injin yana ragewa in an zo wajen wuya. Ya yi dariya, ya ce injin bai san wuya ba, gudu ɗaya gare shi, ya ninka nawa sau uku, kuma bel ɗinsa na roba ne, ba ya zamewa ko jaki aka rataya masa. Yana faɗa yana shafa koren ƙarfen.

Alhamis da Juma'a na yi su kamar mai zazzaɓi. Juma'a dama ba ma aiki, sai na zauna a gindin bedi ina kallon faifan a tsaye. In na rufe ido sai in ga ƙarfe yana tashi sama a hankali, yana juyawa yana walƙiya, ban san inda zai sauka ba. Na yi tunanin in ɗura wa injin ruwa. Na yi tunanin in aika wa Alhajin, sai na ga in maganar ta fita zaure ta shiga gari ke nan, kafintoci su ji mai juya musu itace ba ya gani. Na duba ko'ina, babu wata hanya sai bakina.

Asabar da safe, yana karyawa, kafin mai gyaran wuta ya zo, na durƙusa a gabansa, abin da na daɗe ban yi ba.

"Malam, hannuna lahiya lau yake. Ba gajiya ba ce. Da gangan nike ragewa."

Ya ajiye kofin koko.

"Idonka ne," na ce. "Ba ka ganin layin wuya. Tun daminar da aka kawo wuta ƙarhe ke cizo a hannunka, ni ke sakin igiya itacen shina tsayawa. Injin ga ba zai saki ba. Don Allah kada ka yi aiki da shi."

Ya daɗe yana kallona da idon nan. Na zaci zai ɗaga murya, sai ya yi magana can ƙasa, wadda ta fi ciwo.

"Watau aikin da nike yi shekara biyu, naki ne."

"Ban ce ba."

"Kin ce. Tashi ki goga danƙo. Ki buga matokari har ƙarshe. Ki ja mani kamar shekarar da aka huda bangon ga. Sai mu ga mai ido, ni ko ke da ba ki taɓa ganin itace na juyawa ba."

Wannan ta ƙarshen ce ta ƙona ni. Shekara goma sha tara a bayan bango, kuma da ita za a yi mini gori. Na tashi. Na goga danƙo har igiya tana ƙyalli, na ɗauki dutse na buga matokari har ya nutse. Da ya ƙwanƙwasa sai na ja da duk haushin da ke cikina. Keken ya yi wata ƙara da na manta yana da ita. Maɗaci ya ɗora. Na ji kusurwa ta tafi, na ji ya fitar da ciki sumul, gwanin daɗi, har zuciyata ta ce ko dai ni ce na yi kuskure. Sai na ji yana matsowa wajen wuya. Hannuna da kansa ya so ya rage, na hana shi. Abin da har yau nake neman gafarar Allah a kai ke nan: na sani sarai, na ƙi ragewa.

Mariƙin ya fizge ya buge ni a wuyan hannu. A zaure wani abu ya tsage, ƙarfe ya daki bango ya faɗi yana ƙara, sannan shiru. Faifan ya ci gaba da zagayawa shi kaɗai, igiya ta sauka tana jan ƙasa. Na kira shi bai amsa ba.

Shi ya shigo da kansa. Ya naɗe babban yatsansa na hagu da gefen riga, jini ya ɓata ta, goshinsa kuma ya ƙuje inda tsagin itace ya shafe shi. Ya zauna a kan 'yar kujerata. Na kawo ruwan ɗumi da gishiri na wanke. Yankan bai kai ƙashi ba. Ina ɗaurewa ina kuka ina masifa, ina ce masa mai taurin kai, ina ce wa kaina abin da ya fi haka. Ya bar ni na gama.

"Ban ga layin ba," ya ce. "Na daɗe ba ni ganin shi sosai. Ina cewa hannuna ne ya ƙware har ba shi bukatar ido."

Da mai gyaran wuta ya yi sallama, Malam ya fita ya ba shi haƙuri, ya ce sai an neme shi. Injin ya yi wata guda yana zaune a kwalinsa, daga baya Alhajin ya kai wa wani mai markaɗe. A asibiti kuma suka ce yanar ba ta nuna ba, sai ta nuna za a cire, ya riƙa zuwa ana dubawa.

Kwana tara zaure yana rufe, yatsa na warkewa. Yakan zauna a tabarma yana shafa wa ƙarafansa mai, ɗaya bayan ɗaya, ni kuma tsoro ya cika ni kada a ce na ceci hannun na kashe mutumin. Kafintoci suna sallama, yana amsa musu daga ciki cewa ba ya jin daɗi. A rana ta goma da safe na ga yana kiciniyar fito da injin aikinsa daga zaure, yana jan sa a kan tsohuwar tabarma. Na kama masa. Muka dasa shi a tsakar gida dab da keken, ya rage tsawon igiya ya ɗinke ta da kansa, da lalube. Na san abin da ya bari. Zauren nan shi ne majalisarsa, a nan abokansa ke zama suna kallon hannunsa suna yaba shi.

"Ja a hankali," ya ce.

Na ja. Sai ga shi a gabana. Itacen mai kusurwa huɗu ya narke ya zama inuwa, har ana hango ƙasa ta cikin gefensa. Ƙarfe ya taɓa shi, jajayen sassaƙe suka taso suna lanƙwashewa, suna sauka a kafaɗarsa da gemunsa. Ba a ganin inda ƙarfen ke yanka, sai dai a ga ciki yana kumbura, siffa tana zuwa. Ashe haka yake da kyau. Na shagala har na kusa manta ni ke juyawa.

Sai ya zo wajen wuya, na ga abin da ba a iya ji a hannu. Ya sunkuya. Ya yi ta sunkuyawa, ya karkata kai yana neman layin da idon hagu, har ya rage yatsa huɗu tsakanin fuskarsa da itacen da ke gudu, gemunsa na kaɗawa da iskarsa. Ashe haka yake yi. Haka ya yi shekara biyu yana yi, kuma a nan fuskar nan take ranar Asabar ɗin da na ƙi ragewa.

Na rage gudu har ana iya ƙirga juyin.

"Ɗaga kanka, Malam," na ce. "Ni ina ganin layin. Matsa dama kaɗan. Ƙara kaɗan. Nan."

Sai ya miƙe zaune sosai, ya kawar da fuskarsa daga itacen, ya sa ƙarfen inda na ce.